Makaɗan da Faifai Bai Riska Ba: Waiwaye a Kan Kiɗan Karkara a Babban Mutum da Ƙasar Daura

In aka ce wa ɗalibin Hausa ya lissafa mawaƙan baka, da wuya ya wuce mutum goma sha biyu bai fara inda-inda ba. Zai kawo Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ya kawo Shata da Ɗan Anace da Ƙassu Zurmi, ya kawo Ɗan Maraya da Haruna Uji da Barmani Coge, sa'an nan ya tsaya. Ba wanda zai yi musun gwanintar waɗannan bayin Allah. Amma in mai karatu ya lura, akwai wani abu da ya haɗa su bayan gwaninta, watau dukkansu an ɗauki muryarsu, ko a gidan rediyo, ko a faifai, ko a kaset. Ashe ke nan tarihin waƙar baka da muke karantawa a aji, galibinsa tarihin waɗanda na'ura ta riska ne.

Abin da nake so in yi a wannan ɗan rubutu shi ne in waiwayi sauran, watau makaɗan ƙauye da ba su taɓa sa hannu a takardar wani kamfani ba, da kuma fagagen da suka raine su. Na ɗauki Babban Mutum misali domin ƙasarmu ce, kuma domin zamanta a bakin iyaka ya sa wasu abubuwa sun fi fitowa fili a can. Ra'ayina shi ne, waɗannan fagage makaranta ce sosai mai tsari da matakai da hanyar biyan malamanta, kuma daga cikinta ne manyan da muke taƙama da su suka fito.

Garin da ƙasarsa

Babban Mutum yana cikin ƙaramar hukumar Ɓaure ta Jihar Katsina, a gabashin masarautar Daura, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya tsallaka arewa ya faɗa ƙasar Magarya ta jihar Damagaram, wanda ya yi kudu kuma ya nufi Ɓaɓura ta Jihar Jigawa. Wannan yanki ya daɗe yana tsakanin iko biyu. Bayan da jihadi ya ci birnin Daura wajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya fita, daga baya wani reshe ya kafu a Zango, wani a Ɓaure, kuma duka biyun suka daɗe a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Sai da Turawa suka ci ƙasar Hausa suka mayar da Malam Musa na Zango bisa gadon Daura, sa'an nan Ingila da Faransa suka ja layin da ya raba dangi gida biyu. Baturen nan M. G. Smith ya bi diddigin wannan labari a littafinsa na al'amuran Daura da ya fito a 1978, sai dai shi idonsa a kan sarauta yake. Makaɗin da yake gani shi ne na fada, mai tambari da kakaki da algaita.

Layin Turawa bai hana ganga tafiya ba. Makaɗin da ya yi wasa yau a ƙauyen Ɓaure, gobe yana ƙauyen Magarya, a biya shi da sefa, jibi ya dawo a biya shi da sule, daga 1973 kuma da naira. Karin harshe ɗaya ne, taken noma ɗaya ne, sau da yawa amarya daga can take, ango daga nan. Saboda haka duk wanda ya ce zai yi nazarin kiɗan wannan yanki ya tsaya a shingen kwastan, rabin aiki ya yi.

Makarantar da ba ta da allo

Shekarar makaɗin karkara tana bin shekarar manomi ne sau da ƙafa. Da damina aikinsa gayya. Mai gona zai gayyaci samarin gari, a dama fura a yi tuwo, makaɗi ya rataya gangar noma yana bin bayan manoma kunya-kunya, yaronsa na biye da kazagi. Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, kuma da ya ji an kaɗa shi sai ya yi kururuwa ya yi kirari ya duƙa. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Dole makaɗi ya riƙe taken mutum talatin ko arba'in a ka, ya san uban kowa da kakansa, ya san wanda ake zugawa da yabo da wanda ba ya motsi sai an yi masa habaici da sunan abokin gasarsa. In ya kuskure take ɗaya, an yi ta yi da shi ke nan har kaka. Ladansa kuwa ba a ranar yake karɓa duka ba. Sai amfani ya zo gida ya bi waɗanda ya yi wa kiɗa, wannan ya ba shi dami, wancan ya ba shi biyu, Sarkin Noma ya yi masa riga. Yarjejeniya ce ba takarda, gari duka ne shaida, kuma wanda ya hana makaɗi haƙƙinsa ya san abin da zai ji a gayyar baɗi.

Da kaka kuma fage ya buɗe. Lokacin kalankuwa ke nan, da dambe da kokawa, da sharon Fulani a gefen kasuwa. Samari da 'yan mata su cika dandali da farin wata, mai kalangu a tsakiya, 'yan mata na gaɗa, Sarkin Samari na tsawatarwa. A nan ne yaro mai murya yake fara gwada kansa, ba kunya ba tsoro, domin waƙar dandali ba roƙo ba ce, wasa ne, ɗan kowa yana iya yi. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, za mu kuma komo kansa.

Sana'o'i ma kowace da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne tun asali, shi ya sa har yau shi ake kaɗa wa 'yan dambe, tun da dambe wasan Rundawa ne. Maƙera suna da dundufa, 'yan tauri suna da gangarsu, masu bori suna da garaya da goge. Ranar kasuwa duk sai su haɗu. Kasuwannin ƙasar Daura, irin ta Mai'aduwa mai ci ranar Lahadi, su ne gidan rediyon wancan zamani: waƙar da ta yi daɗi a rumfar mahauta da hantsi, kafin mako ya zagayo fatake da 'yan koli sun kai ta garuruwa bakwai.

Yadda ake koyo kuwa, yaro ba ya fara da waƙa. Da fari ɗaukar kaya zai yi, ya shanya ganga a rana, ya koyi ɗaure tsarkiya da sauya fata. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga, kuntuku ko kazagi, wadda ba ta da aiki sai riƙe lokaci. In hannunsa ya zauna a sa shi cikin 'yan amshi, ya shekara da shekaru yana maimaita abin da maigida ya faɗa, har kunnensa ya san inda ake saukar da ɗa a hau gindin waƙa. Sa'an nan wata rana maigida ya gaji ko muryarsa ta dushe, ya ce masa ya ƙara. In ya ƙara jama'a suka yi shewa, to ya kama hanya. Wani sai ya shekara goma a wannan hali kafin a sallame shi ya kafa ƙungiyarsa. Mu da muke shekara huɗu a jami'a mu fito da digiri, ya kamata mu ɗan rage ɗaga hanci in ana zancen waɗanda ake kira jahilan makaɗa.

Ba zan wuce ban ambaci mata ba, ko da yake nasu fagen a cikin gida yake. Waƙar daka da ta niƙa da ta raino, da shantu da 'yan mata ke kaɗawa a ɗakin amarya, da kiɗan ƙwarya ranar suna ko biki, inda ake kifa ƙwarya a ruwa a kaɗa, duk makaranta ce. Kowane gari yana da zabiyarsa da ake aikawa a ɗauko. Daga irin wannan tsakar gida ne amada ta fito, kuma Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ba daga sama ta faɗo ba. Ita ce dai wadda kaset ya riska.

Waɗanda suka haye

Mu duba manyan da kansu. Ibrahim Narambaɗa na Tubali kiɗan noma ya fara yi kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan makaɗin noma ne, ya yi amshi a bayan mahaifinsa, ya yi a bayan wansa Abdu Kurna, kafin Sardauna ya san da shi. Ɗan Maraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, a gidan Sarkin Hausawan garin ya tashi bayan rasuwar iyayensa, da ɗan kuntiginsa ya bi tasha da kasuwa yana yi wa karen mota da talakawa waƙa tun kafin a san shi a ƙasashen waje. Ba ɗaya daga cikinsu da kamfani ya gano. Gari ne ya gano su, ya gwada su, ya yarda da su, kamfani ya zo daga baya ya tarar da abinci ya nuna.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, kuma gidansu ba gidan roƙo ba ne, har mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. To ta ina ya shiga? Ta dandali. Yana tallan goro yana waƙa a wasannin samari da 'yan mata, don nishaɗi kawai. Ga amfanin bambancin da na ambata ɗazu. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma ana ganin maroƙi a ƙasan tsani, kamar yadda Smith ya nuna a maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo. Da a ce ƙofar gado ce kaɗai, da Shata ya mutu ɗan kasuwa. Dandali shi ne ƙaramar ƙofar da wanda bai gada ba yake shiga ta cikinta, har in ya ga jama'a sun karɓe shi ya yi ƙarfin halin mayar da wasa sana'a. Daga Musawa ya koma Bakori, ya zauna Funtuwa, ya yi fice a Kano a bikin 'ya'yan sarki na 1952, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Da ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, a Daura aka binne shi, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007.

Wannan kabari na Daura yana nuna mana mataki na biyu na tsanin, watau ubangida. Dandali yana ba makaɗi suna, amma ba ya ba shi doki. Wanda zai haye sai ya sami basarake ko attajiri da zai ɗauke shi, ya tufatar da shi, ya shiga da shi taron da manya suke. A ƙauye irin namu iyakar ubangida shi ne maigari ko dagaci, ko wani mai sayen gyaɗa. In makaɗi ya yi sa'a hakimi ya ji shi, in ya ƙara sa'a a tafi da shi Daura da Salla ko da Gani. Da yawa sun tsaya a matakin dagaci, ba don muryarsu ta gaza ba, sai don ba wanda ya ɗauke su. Mawaƙin da ya fi kowa a gari goma yana iya mutuwa ba a san shi a gari na goma sha ɗaya ba.

Rediyo, faifai da kaset

Da aka buɗe gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna a 1962, sai aka sami wani sabon ubangida da ya fi kowane sarki nisan murya. Wanda aka sa waƙarsa a Kaduna, an ji shi daga Sakkwato har Adamawa, har cikin Nijar da Gana da Kamaru. Kamfanonin faifai irin su EMI suka bi sawu suka ɗauki su Shata da Ɗan Maraya. Amma wa zai kai makaɗin Babban Mutum Kaduna? Kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi, balle sanin wanda zai shigar da shi. Rediyo ta faɗaɗa sunan 'yan kaɗan, ta kuma sa mutanen ƙauye suka fara auna makaɗinsu da ma'aunin birni. Samari suka fara cewa a yi musu irin ta Shata, makaɗin gari ya koma mai kwaikwayo a fagen da dā shi ne mai ƙirƙira.

A tsallaken iyaka abin ya ɗan sha bamban. Gwamnatin Seyni Kunce, wadda ta hau a 1974, ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta shirya gasar wasanni da waƙoƙi tun daga ƙauye har zuwa ƙasa baki ɗaya, kuma a 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda makaɗa ke da babban matsayi a cikinta. Ko da yake don amfanin mulkinta ta yi, kuma waƙoƙin da suka ci gasa galibi na yabon manufofin gwamnati ne, duk da haka ta kafa wa makaɗin ƙauye tsanin da ba sai ya bi ta zauren attajiri ba. A wajenmu an yi bukukuwan al'adu, an yi FESTAC a 1977, amma taro ne na lokaci guda, a watse kowa ya koma inda ya fito.

Abin da ya fi kusa da yi wa makaɗin karkara adalci shi ne kaset. Daga shekarun 1970 rikoda mai batir ta shiga ƙauyuka a hannun 'yan cin rani da alhazai. Ranar biki sai ka ga an jera rikoda uku ko huɗu a gaban makaɗi. Masu sayar da kaset a kasuwa su kwafa su sayar, ba a tambayi mai waƙa ba, ba a ba shi ko kwabo ba, shi ma bai nema ba, domin a lissafinsa kaset talla ce: wanda ya ji shi a kaset shi zai aiko a ɗauke shi biki. Dubban waƙoƙin da ba su taɓa shiga rediyo ba a irin waɗannan kaset suka zauna. Sai dai kaset ba ya son zafi da ƙura, kuma galibi ba a rubuta sunan mai waƙa ko shekara a jikinsa. Masana sun yi ƙoƙari. Ames da King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, daga aikin da suka yi a Zariya da Katsina. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. Amma ƙasar Hausa tana da faɗi, masu nazari kuwa kaɗan ne, kuma su ma mota ta fi saurin kai su inda kwalta take.

Abin da ya ci fagen

Ana yawan cewa zamani ne ya kashe kiɗan gargajiya, kamar zamani wani dodo ne. Gara mu faɗi abubuwan da sunansu. Na farko tattalin arziki. Kuɗin da ake yi wa makaɗi kari da su da kaka, kuɗin gyaɗa ne, domin ƙasar Daura da ta Magarya da Matamaye duk ƙasar gyaɗa ce. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan ciniki, yunwar 1984 ta zo ta ƙarasa, ga iyaka an rufe daga 1984 zuwa 1986. Manomin da bai cika rumbunsa ba ba ya ba da dami. Samari suka tafi Kano da Legas neman kuɗi, gayya ta ja baya, noman kuɗi da garmar shanu suka maye gurbinta, kuma ba a yi wa ɗan ƙodago take.

Na biyu makaranta da wa'azi. Shirin ilimin firamare na kowa da kowa na 1976 ya ɗebe yaran da dā za su bi ganga. Wa'azi ya yi ƙarfi a kan cuɗanyar maza da mata da dare, dandali ya mutu a garuruwa da yawa, kuma bayan da jihohin Arewa, har da Katsina, suka ƙaddamar da shari'a a 2000, an ƙara matsa wa wasannin dare a wurare da dama. Ba ina jayayya da malamai ba ne a nan, akwai ɓarnar da ake yi a dandali wadda kowa ya sani. Abin da nake cewa shi ne, da aka rufe dandali an rufe har da ƙofar da Shata ya shiga, ba a kuwa buɗe wata a madadinta ba.

Na uku fiyano. Daga shekarun 1990 masu kiɗan finafinan Kano suka nuna cewa mutum ɗaya da fiyanon Yamaha yana iya fitar da sautin kalangu da ganga da sarewa shi kaɗai. Wayar hannu ta shigo a 2001, daga baya memori da masu tura waƙa a bakin kasuwa suka kori kaset. Yau saurayin ƙasar Ɓaure mai son waƙa ba ya neman maigidan da zai yi wa amshi. Kuɗi yake tarawa ya tafi situdiyo a Daura ko Katsina ko Kano, a buga masa kiɗa, a gyara masa murya, ya dawo da waƙarsa a waya ya watsa ta a WhatsApp da TikTok. Shi ma ba kamfanin da ya ɗauke shi, shi ma da waƙar biki yake farawa, ta amarya da ango da sunayen ƙawaye, shi ma ubangida yake nema, sai dai ubangidan yanzu ɗan takarar kansila ne ko na majalisa. Ta wannan fuska jikan makaɗin gayya ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ya fi kakansa sa'a tun da muryarsa tana iya kai wa Yamai da Jidda a dare ɗaya. Abin da ya rasa shi ne shekaru goman nan na amshi, da jama'ar da za ta yi masa dariya a fuska in ya yi kuskure tun yana yaro.

Inda tsohon tsarin ya ƙi mutuwa shi ne fagen dambe da na kokawa. Dalili kuwa a fili yake. Na'ura ba ta ganin wanda ya shigo fage. Sai mai kalangu da idonsa ya hango ɗan dambe ya tashi yana ɗaure hannu, ya saki taken da yake kaɗawa ya kama nasa, ya ga abokin karawarsa ya miƙe ya juya masa shi ma, ya san lokacin da zai tsananta da lokacin da zai sassauta in an yi kisa. Shi ya sa har yanzu da kaka, in an share fage a bayan kasuwa a ƙasar Ɓaure ko ta Magarya, za ka tarar da makaɗi tsaye da kalangu a hammata, a gefensa kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu yana riƙe masa lokaci da kuntuku.